Ranar da Aka Sace Tsohon Gari

Da hantsin wata Juma'a, farkon damina, Ɗan'azumi yana zaune a ƙofar gidansa a Kwarin Ɗinya yana shan koko, sai ga Malama Rahamatu tafe kamar za ta tashi sama, mayafinta na jan ƙasa.

"Baba Ɗan'azumi, tashi! An sace tsohon gari!"

Ya ɗaga kai ya dubi duwatsun gabas, inda kowa ya san can ne kufan kakanni. Suna nan inda ya bar su jiya.

"Malama, ɓarawon nan ƙaƙƙarfa ne. A ka ya ɗauka, ko a amalanke?"

"Taswirar nake nufi! Don Allah ka bar wasa."

Ya shanye sauran kokon, ya goge baki, ya miƙe. Ɗan'azumi maharbi ne a ƙuruciyarsa, da girma ya zo ya rataye baka ya koma bin sawu. Daga Gwiwa har Roni, duk wanda sa ko akuya ta ɓace masa, ƙofarsa yake bugawa. Amma bai taɓa bin sawun takarda ba, kuma ya gaya wa Malama hakan a hanya. Ba ta ko saurare shi ba.

Malama Rahamatu tsohuwar shugabar makarantar firamare ce. Mahaifinta malamin safiyo ne, mai awon ƙasa, ya rasu ya bar mata taswira uku na yankin. Shekara biyu ta yi tana gwama su, tana zagaya tsofaffi da tambaya, har ta shirya taron tarihin gari. Gobe Asabar za a yi, har baƙi za su zo daga Kazaure. Jiya ta baje taswirorin a ɗakin karatu da ke manne da gidan Dagaci, maza da mata suka zo suka gani. Yau ta buɗe ɗakin ta tarar da biyu.

Da suka iso, Ɗan'azumi ya tsaya ya riƙe ƙugu. Rabin gari na tsaye a ƙofar ɗakin.

"Sannunku da aiki," ya ce. "Allah ya yi mana yayyafi jiya da magariba, ya share mini ƙasa tas, kun zo kun yi mini sussuka a kanta. Akwai wanda bai taka ba tukuna? Ya matso shi ma ya taka, kada a bar shi a baya."

Wasu suka yi dariya suka ja da baya. Amma dariyar ba ta kai ko'ina ba. Shekara uku ke nan ana ja-in-ja tsakanin makiyaya da manoma a kan burtalin da shanu ke bi zuwa rafi, kuma kowa ya sa a ransa taswirar nan ce za ta raba gardama. Har samari sun fara cewa an ga Lauwali, ɗan rugar bayan gari, da asuba a kan babur, da wani ƙunshin kaya a baya da wani abu dogo. Wani ya ce kawai a je a bincike rugar ɗaki-ɗaki.

Dagaci Musaddiƙ ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ba wanda zai taka rugar kowa. Ɗan'azumi, na ba ka daga nan zuwa La'asar. In ba a gano ba, dole in kai magana wurin 'yan sanda a Gwiwa, kuma ba na son haka."

"Allah ya ja zamaninka, La'asar ta isa in Allah ya so."

*

Cikin ɗakin, Malama ta baje masa biyun da suka rage a kan tebur. Kwaɗon ƙofa lafiyarsa lau, makullin kuma a bakin zanenta ya kwana.

"Wannan ta bayan nan ce, ga kwalta, ga makaranta. Wannan ta tsakiya Baba ne ya zana ta da hannunsa, shekara sittin da ɗoriya. Ka ga layin nan mai ɗigo-ɗigo? Burtalin ke nan."

"To wadda ta ɓace fa?"

"Ita ce babbarsu, ta alif ɗari tara da talatin da takwas. Wani tsohon maigidan Baba ne ya bar masa. Lokacin garin nan ma babu shi, yana can gindin duwatsu. Akwai gidaje, akwai rijiya, akwai rafi." Ta shafa wurin da take ajiye ta. "Baba ko mu 'ya'yansa ba ya bari mu taɓa ta sai mun wanke hannu."

Ɗan'azumi ya duƙa ya ƙura wa ta tsakiya ido. Ba ya karatun boko, amma zanen ya burge shi, don ya gane gangaren da yake kama zomaye yana yaro.

"Malama, a tsohuwar akwai burtali?"

"Babu. Lokacin ai daji ne ko'ina, ba a bukatarsa."

"Wato mai rigimar burtali ya shigo, ya bar wadda ke da burtali, ya ɗauki wadda ba ta da shi."

"Ko ya yi kuskure? A naɗe suke duka."

"Zai yiwu. Jiya wa ya fi zaƙewa a kanta?"

"Zaharadeen. Har cewa ya yi irin wannan akwai masu nemanta ido rufe a birni."

Ɗan'azumi ya fita ya zagaya gefen ɗakin. Nan jama'a ba su kai ba. A ƙarƙashin taga ga sawun takalmi sau-ciki mai tsinin baki, sabo fil, ya fi guda talatin.

*

Zaharadeen akawu ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma shi kaɗai ke sa irin wannan takalmi a Kwarin Ɗinya. Ɗan'azumi ya same shi yana jera kujerun taron gobe.

"Ɗana, me ya kai ka ƙarƙashin tagar ɗakin karatu da sassafe?"

Kujerar hannunsa ta suɓuce. "Ni? Baba, wucewa kawai na yi."

"Wucewa sau talatin a wuri ɗaya? Zo mu je ka gani."

Suka tsaya a wurin. Ɗan'azumi ya tsuguna ya sake duban sawun da kyau, sai ya ga abin da bai lura da shi ba ɗazu. Duk bakin takalman ba tagar suke kallo ba, baya suka ba ta. Kuma dunduniya ba ta taɓa ƙasa ba sai kaɗan.

"Ikon Allah. Ɗage kake yi, ka juya wa taga baya. Me kake miƙa wa sama?"

Zaharadeen ya sunkuyar da kai, ya zaro waya daga aljihu.

"Baba, duk garin nan a nan kaɗai ake samun sabis mai kyau. Sai ka ɗaga hannu."

"Da wa ake magana tun kaji ba su gama miƙa ba?"

"Lailatu. A Babura take. Bayan Sallah za a kai tambaya. Don Allah, Baba, kada abokaina su ji."

Ɗan'azumi ya yi dariya har da tari. "Je ka, Allah ya sanya alheri. Amma ka daina yabon kayan mutane a gaban jama'a ranar da za su ɓace."

*

Alhaji Maikasuwa shi ne mai gonar da ake cewa ta cinye burtali. Ɗan'azumi ya tarar da shi a ƙofar gida ana sauke masa raguna daga mota.

"Na san abin da ya kawo ka," in ji Alhaji tun kafin a gama gaisawa. "Tun da na sauka ake kallona kamar na haɗiye taswira. Jiya ina fita daga ɗakin nan na wuce Babura, can na kwana. Tambayi direba. Tambayi ragunan."

Ɗan'azumi ya dubi tayar motar. Jan laka ne manne da ita, irin wanda babu shi a nan kusa.

"Alhaji, ai kana iya aike."

"In aika a ɗauko mini me? Tsohuwar?" Ya matso ya rage murya. "Tsakanina da kai, wadda ke hana ni barci ita ce ta tsakiya. Jiya na sa tabarau na dube ta da kyau. Da ni ne na yi aike, aka kawo mini waccan, wallahi da na mayar da ɗan aiken ya canjo."

"Wato ka ga burtalin?"

Alhaji ya shiga gyara hularsa. "Na ga wani ɗan layi. Tsofaffin nan ma ai hannunsu yakan karkace. Za ka ɗanɗani dabino?"

Ɗan'azumi ya karɓi dabinon ya yi gaba. Saura mutum ɗaya, kuma ba ya jin daɗin hakan.

*

Lauwali yana zaune a inuwar marke a bakin ruga yana tufkar igiya. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, ba ya da yawan magana. Ya shimfiɗa wa baƙonsa buzu, ya sa aka kawo kindirmo.

"Lauwali, an ce an gan ka da asuba a babur."

"An gan ni, Baba."

"Ina ka je?"

"Na je na dawo."

"Madalla. Ƙunshin da ke bayanka fa, na mene ne?"

Gefen bakin Lauwali ya motsa kamar zai yi murmushi, ya danne. "Ba nawa ba ne."

"Kai ka ɗauki taswirar Malama?"

"Hannuna bai buɗe ƙofar kowa ba, Baba. Ƙafata ba ta shiga ɗakin kowa ba."

Ɗan'azumi ya ajiye ludayi. Ya lura ba abin da ya tambaya aka amsa masa ba.

"Ka san samari na maganar zuwa su birkice muku ɗakuna? Ka san in La'asar ta wuce, magana ta bar hannun Dagaci?"

"Na ji." Lauwali ya dubi bukkokin, inda matarsa ke shanya ƙwarya. "Na yi alkawari, Baba. In za a tafi da ni Gwiwa, a tafi da ni. Amma a bar iyalina."

"To, ni ba zan matsa maka ba. Babur ɗinka zan tambaya, shi bai yi wa kowa alkawari ba."

*

Tayar baya ta babur ɗin Lauwali tana da faci, don haka sawunta a jiƙaƙƙiyar ƙasa kamar an sa hannu ne a takarda. Ɗan'azumi ya hau kekensa ya bi. Sawun bai nufi titin Roni ba, bai nufi Kazaure ba. Gabas ya yi, ta tsohuwar turbar da ciyawa ta kusa rufewa.

Tun kafin ya yi nisa wani abu ya fara ba shi mamaki. Lauwali da kowa ya sani da gudu, yau ya kauce wa kowane rami, ya zagaye kowane dutse, a gangare ma har ya sa ƙafa ƙasa yana lallaɓawa.

"Ko dai ƙwai ya ɗauko," Ɗan'azumi ya ce wa kekensa, "ko kuma abin da ya fi ƙwai."

A gindin duwatsu sawun ya tsaya. Nan ne kufan tsohon gari, ba abin da ya rage sai tudun-tudun ƙasa da fasassun tukwane. Ya jingine keke ya fara zagayawa a hankali.

Ya ga inda aka kafe babur. Ya ga sawun Lauwali. Can gaba kaɗan, a wani fili mai laushi, ya ga duwatsu huɗu an ajiye su kusurwa-kusurwa, tsakaninsu ƙasa ta kwanta sumul. Nan aka shimfiɗa taswirar, aka danne ta don iska. Mai niyyar ɓoye abu ko ƙona shi ba ya yi masa irin wannan hidima.

Sai kuma ya ga sawu na biyu. Ɗan ƙaramin silifa ne na mata, takunsa gajere, ƙafar hagu na ɗan jan ƙasa. A gefen kowane taku akwai tambari zagayayye, mai layi uku a ciki. Ya tsuguna ya daɗe yana kallonsa. Sanda ce, an sa wa gindinta robar fedar keke don kada ta zame.

Mai sandar ta tashi daga bakin rafi ta miƙe gabas, ta dawo. Ta sake tashi daga wani wurin, ta dawo. Sau uku. A na ƙarshe ga inda ta zauna a kan dutse, ta daɗe, don sandar ta huda wuri ɗaya har ya yi zurfi.

Ɗan'azumi ya cire hula ya sosa kai. A Kwarin Ɗinya tsofaffi masu sanda sun kai goma. Amma da ya tuna inda ɗakin karatu yake manne, sai ya hau keke ya juya, don kada Juma'a ta wuce shi.

*

Ana saukowa daga masallaci ya ja Dagaci gefe.

"Ranka ya daɗe, ɗakin karatun nan ƙofa ɗaya gare shi?"

"Ɗaya ce. Sai dai wata tsohuwar ƙofa ta baya, da ke buɗewa cikin gidana. Amma ita kara ta kawai ake yi, ba a kulle ta, ba mai bi."

"A yi mini izini in duba ta."

Aka yi masa iso, mata suka shige ɗakuna. An share tsakar gida tun safe, tsaf, ba ko sawun kaza. Ɗan'azumi ya bi jikin bango har bakin tsohuwar ƙofar. A lungun dokin ƙofa, inda tsintsiya ba ta kai ba, ga shi nan guda ɗaya tak: zagaye, da layi uku a ciki.

Ya sa ƙafa ya shafe shi, ya miƙe.

"Ka ga wani abu?" in ji Dagaci.

"Na gani. Bayan La'asar a tara mutane a zaure. Alfarma ɗaya nake nema, a bar ƙofar cikin gida a buɗe, kuma a yi magana da ƙarfi."

*

Zaure ya cika har waje. Malama Rahamatu na gefe da taswira biyu a cinya. Alhaji Maikasuwa na fifita da hula, Zaharadeen ya maƙale a bango, Lauwali kuwa yana tsakiya, an bar masa fili kamar mai ciwon da ake gudu.

Ɗan'azumi ya yi gaisuwa, ya fara.

"Zaharadeen ya tsaya a ƙarƙashin taga, gaskiya ne. Amma abin da yake nema a sama yake, ba a cikin ɗaki ba. Sauran bayani sai bayan Sallah." Samari suka fashe da dariya, Zaharadeen ya rufe fuska. "Alhaji kuwa a Babura ya kwana. Kuma da shi ne, ya san wadda zai ɗauka."

"Wannan ƙarin bai zama dole ba," in ji Alhaji.

"Saura Lauwali. Ranka ya daɗe, taswirar ta hau babur ɗin Lauwali yau da asuba, ta je kufai, ta dawo."

Zaure ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce, "Ai mun faɗa!"

"Ku dakata. Ta hau babur ɗinsa, amma ba a hannunsa ba. Bai shiga ɗakin ba. Wanda ya ɗauka ta ƙofar baya ya bi, kuma ba sata ta kai shi ba, wani abu yake nema a tsohon gari, ya nema sau uku bai samu ba." Ya ɗaga murya, yana fuskantar ƙofar cikin gida. "Ni ba zan kama suna ba, don ba sa'ana ba ne. Sai dai in mai shi ya yi shiru, yau Lauwali a Gwiwa zai kwana, saboda ya riƙe alkawari!"

Can sai aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, daga cikin gida. Labule ya ɗaga. Goggo Fatu ce, yayar mahaifin Dagaci, 'yar ƙaramar tsohuwa mai shekara tamanin da huɗu, sanda a hannun dama, naɗaɗɗiyar tabarmar salla a hammata. Dagaci ya yi zumbur ya miƙe.

"Goggo!"

"Zauna, Musaddiƙu. Wa ya ce za a kai yaron nan Gwiwa? Ni ba wanda ya gaya mini komai, na dawo na gaji na kwanta." Ta dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. "Kuma wane mai ido ne ya ce ya ga ƙunshin kaya a bayan babur? Yanzu jikata ke gaya mini. Ni ce ƙunshin kayan?"

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Ta warware tabarmar, ta zaro taswirar, ko lanƙwasa babu, ta miƙa wa Malama.

"Ungo, 'yar nan. Na wanke hannu kafin in taɓa."

Malama ta rungume taswirar, hawaye na zuba. "Goggo, me ya hana ki tambaye ni?"

"Na tambaye ki jiya. Kika ce rana ba ta taɓa ta, kuma daga taro za a kai ta Kazaure a sa a gilashi. Ni kuwa ba zan je Kazaure in leƙa gilashi ba."

Aka kawo mata kujera ta zauna, ta jingine sanda.

"A can aka haife ni. Ina da kwana arba'in mahaifiyata ta rasu. Ranar da gari zai taso bakin hanya, ina shekara bakwai, Baffa ya kama hannuna ya kai ni bakin rijiya, muka ƙirga taku arba'in zuwa gabas, ya ce nan take kwance, kada in manta. Ban manta ba. Rijiyar ce ta ɓace, ƙasa ta cinye ta. Jiya yarinyar nan ta ɗora yatsa a takarda ta ce ga rijiya, sai na ji kamar an kira sunana."

"To me ya sa Lauwali, Goggo?" in ji Dagaci a hankali.

"Wa zan kira in ba shi ba? Da uwata ta rasu, wa kuke tsammanin ya shayar da ni? Saude ce, kakarsa, daga rugar da ke bakin rijiyar. Nono ɗaya muka sha da ubansa. Ku kuna kirana Goggo don na tsufa, shi kuwa goggonsa ce ni ta gaskiya."

Malama ta warware taswirar da sauri, ta bi da yatsa. "Ga ta nan kuwa. An rubuta ruga, dab da rijiyar. Na sha ganinta ban san ta su wa ba ce."

Waɗanda suka ce a je a bincike ruga suka shiga kallon ƙasa. Ɗaya daga cikinsu ya matsa ya ba Lauwali hannu, sauran suka biyo.

Dagaci ya yi gyaran murya. "To, Goggo, an yi ɗauka ba izini, a cikin gidan Dagaci, dole a yi hukunci."

"Yanke in ji, ɗan nan. Ni na yi maka wankan jego."

"Hukuncin shi ne, gobe taron tarihi ba a nan za a yi ba. Kufai za mu, ke ce a gaba."

*

Washegari da safe gari ya ɗunguma zuwa gindin duwatsu, a babura, a kekuna, a ƙafa, har da baƙin Kazaure da manyan rigunansu. Malama da kanta ta shimfiɗa taswira biyu a kan tabarma, Zaharadeen ya riƙe musu lema.

Ba ta daɗe tana gwama su ba ta tafa hannu.

"Baba Ɗan'azumi, zo ka gani! A tsohuwar, rafin ta nan ya bi. A ta Baba kuwa ya matsa kudu. Goggo daga bakin rafi kuka yi awo jiya?"

"Daga nan ne," in ji Lauwali.

"Shi ya sa. Rafin ya sauya hanya."

"To mu bar rafi, mu tambayi duwatsu," in ji Ɗan'azumi. "Rijiyar tana ina daga waɗannan biyun?"

"Tsakaninsu, ta ɗan fi kusa da mai tsagar nan."

Ya sa aka ja baya, wannan karon kuwa ba wanda ya yi gardama. Ya bi tsakanin duwatsun a sunkuye, yana taka ƙasa da dunduniya. A wani wuri ciyawa ta fi duhu, ƙasa ta ɗan lotsa kamar bakin ƙwarya. Ya buga ƙafa sau biyu, ya saurara.

"A kawo fartanya."

Lauwali ya fara sara. Alhaji Maikasuwa ya tuɓe babbar riga ya karɓi ta biyu, yana haki yana cewa, "Maganar burtalin nan, taku huɗu ne, ba biyar ba. Jibi zan matsar da shinge. Huɗu na ce, a shaida." Lauwali ya ce ya ji, a bar shi a huɗun.

Ba su kai zurfin gwiwa ba ƙarfe ya yi ƙara. Aka sa hannu aka yaye ƙasa, sai ga duwatsu jere a zagaye, jikinsu duk zanen da igiyar guga ta ci. Mata suka rangaɗa guɗa, baƙin Kazaure suka manta da rigunansu suka durƙusa suna shafawa.

Goggo Fatu ta taka bakin rijiyar, ta juya ta fuskanci gabas, ta miƙa wa Lauwali hannun hagu.

"Kai za ka taka. Tsawonku ɗaya da Baffa. Ni takuna ya ƙanƙance."

Suka tafi, shi yana takawa a hankali, ita tana ƙirgawa a fili. Ba abin da ake ji sai muryarta da ƙarar sanda. A na arba'in suka tsaya. Fili ne kawai, da 'yar ciyawa sabuwar tsirowa.

Ta zauna a ƙasa, ta shafa wurin da tafin hannu kamar mai gyara shimfiɗa.

"Inna, ga ni. Ba ƙin zuwa na yi ba, hanya ce ta ɓace mini."

Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, aka yi addu'a aka shafa. Ɗan'azumi ya juya baya yana goge ido da hannun riga, wai ƙasa ce ta faɗa masa.

Da aka gama, Goggo ta share fuska, ta ɗaga sanda ta nuna Malama.

"'Yar nan, takardarki ta zana gidaje amma ba ta san masu su ba. Ɗauko alƙalami. Wancan tudun gidan maƙera ne, na kusa da shi na wata mai ƙosai ce da ba ta ba yara gyara. Rubuta da sauri, yau na tuna da kowa."